A Amurka har bishiya garanti gare ta

Assalamu alaikum 'yan'uwa na gida. Masu tambayata yaya zaman Amurka galibi labarin motoci da dogayen benaye da albashi suke son ji. Ni kuwa yau labarin dashen tuffa guda ɗaya zan ba ku, wanda ya mutu a bayan gidana a garin Fort Wayne na jihar Indiyana, don abin da ya biyo bayan mutuwarsa har yanzu bai sake ni ba.

Da Allah Ya hore mana gida mai ɗan fili a baya, uwargida ta ce tuffa take so a dasa, tunda ƙasar sanyi ce, mangwaro ba zai kai labari ba. A watan Afrilu na je wani babban kanti da ke sayar da kayan lambu, na ɗauki dashe ɗaya na nufi wurin biya. Sai wata dattijuwar ma'aikaciya ta tare ni tana tambaya ko akwai wata bishiyar tuffa kusa da gidana. Na ce babu. Ta ce to guda ɗaya ba za ta yi 'ya'yan kirki ba, sai an haɗa iri biyu daban-daban masu fure lokaci ɗaya, ƙudan zuma ya riƙa kai-komo tsakaninsu. Ta karɓi wanda na ɗauko ta mayar, ta zaɓo mini biyu da kowannensu bai kai shi tsada ba, ta ce waɗannan sun fi jure sanyin wannan yankin. Kowane da takardarsa rataye a jiki: sunan irin, tsayin da zai kai, irin sanyin da zai iya ɗauka. Ta durƙusa ta nuna mini 'yar gwiwar da ke can ƙasan karan inda aka yi masa aure, ta ce kada in kuskura in binne wurin. Ta miƙo mini wata roba ta naɗe gindi, saboda in dusar ƙanƙara ta rufe ciyawa zomaye kan koma gwaguyar ɓawon ƙananan itatuwa. Sannan ta ce kafin in sa shebur a ƙasa in kira lamba 811.

Wannan lambar ita ma abin faɗi ce. Kyauta ake kira, kyauta ake zuwa. Cikin 'yan kwanaki ma'aikata suka zo da na'urarsu suka bi filin, suka kakkafa ƙananan tutoci: ja inda wayar lantarki ta bi ta ƙarƙashin ƙasa, rawaya inda bututun gas yake, shuɗi na ruwan famfo, ruwan lemo na wayar intanet. Babu wanda ya tsaya yana sosa ƙeya yana jiran kuɗin mai ko na goro. Wasunsu ma ban ga zuwansu ba, tutocin kawai na tarar.

Na dasa, na yi ban-ruwa, hunturu ya zo ya wuce. Da gari ya fara ɗumi, ɗaya ya tofo ganye shar, ɗayan kuwa ya tsaya ƙirin, busasshen kara. Na tumɓuke shi na jefa a but ɗin mota na koma kantin da niyyar sayen wani, na tafi da shi ne kawai don su gaya mini abin da ya kashe shi. Saurayin da ke kan teburin karɓar ƙorafi ya sa farce ya kankare ɓawon, ya ga cikin ya yi ruwan ƙasa maimakon kore, ya ce lalle ya mutu, ya ba ni haƙuri. Ya tambayi lambar wayata, ya danna kwamfuta, sai ga cinikin ya fito har da ranar da na saya. Ya ce bai cika shekara ba, in shiga in zaɓi wani in tafi. Na ce nawa zan cika? Ya ce ko sisi. Na ce to ya aka yi ya san na ba shi ruwa, ba sakaci na yi ba? Ya ce wannan ba ya cikin abin da ake tambaya, itacen da suka sayar in ya mutu kafin shekara nasu ne ba nawa ba.

Wallahi sai da na zauna a mota na kasa tayarwa. Ba a sa ni rantsuwa ba. Ba a kira manaja ba. Ba a kalle ni sama da ƙasa aka ce baƙon nan wayo yake so ya yi mana ba. Abin da ya cika mini zuciya a lokacin kuwa mahaifina ne, Allah Ya jiƙansa. Ina yaro ya sayo dashen mangwaro wajen wani mai sayarwa a bakin titi, mutumin na rantsuwa da Allah da Annabi cewa masu aure ne, Binta Siga ce tsantsa. Muka yi shekaru muna ɗaukar ruwa a ka zuwa lambu duk rani. Ranar da suka fara 'ya'ya sai ga ɗan ƙwallo, zare fal, tsoka ba ta kai ta kawo ba. Mai sayarwa ya daɗe da tashi daga wurin. Baba bai ce komai ba sai innalillahi. Kuɗin dashen ba shi ne asarar ba, shekarun nan ne da babu mai iya biyansa su, ga shi kuma girma ya kama shi, bai da ƙarfin sarewa ya sake sabon dashe.

Maƙwabcina, wani tsohon direban babbar mota, da na ba shi labarin kantin bai ga abin mamaki ba. Cewa ya yi ai a garin mai sayar da dashe nake zaune, kabarinsa ma yana nan kusa da kogin St. Joseph, in jira watan Satumba in je in gani. Johnny Appleseed yake nufi.

Babu ɗan firamare a Amurka da bai san wannan suna ba. Hoton da ake nuna wa yara shi ne wani siririn mutum mai gemu, ƙafa ba takalmi ko cikin dusar ƙanƙara, buhun kofi da aka huda wa wuya da hannuwa ya zama riga, tukunyar ƙarfe kife a ka maimakon hula, jaka a kafaɗa yana tafe yana watsa irin tuffa duk inda ya bi, fisabilillahi. Ana cewa ya taɓa kashe wutar da yake jin ɗumi don ya ga sauro na faɗawa suna ƙonewa. Ana cewa yakan sayi dokin da ya gurgunce aka yi niyyar kashewa, ya nema masa makiyaya. Ana kuma cewa lokacin yaƙin da aka fara a 1812 tsakanin Amurka da Ingila ya yi tafiyar dare daga Mansfield zuwa Mount Vernon a jihar Ohayo don kiran ɗauki. Wata maƙala da mujallar Harper's ta buga a 1871 ita ta baza labarinsa ko'ina a ƙasar, kamfanin Disney kuma ya mayar da shi zanen katun a 1948. Hatta ƙungiyar wasan besbol ta garin nan, TinCaps, daga tukunyar kansa ta samo suna.

Amma mutumin na gaskiya ya fi na tatsuniyar burge ni nesa ba kusa ba. Sunansa John Chapman, an haife shi ranar 26 ga Satumba 1774 a Leominster ta jihar Masacuset, mahaifiyarsa ta rasu bai cika shekara biyu ba. Wajen ƙarshen shekarun 1790 ya nausa yamma, ya fara da yammacin Fensilbeniya, ya shiga Ohayo, daga baya Indiyana. Kuma ba watsa iri yake yi a hanya ba, wannan zancen yara ne. Ɗan kasuwa ne mai lissafi. Yakan je inda ake matse tuffa ya kwashi tuƙar da aka zubar, ya wanke ya tsince irin, ya ɗura a buhu, ya ɗora a kwalekwale ko a doki. Sai ya yi kirdadon inda Turawa masu neman filin zama za su iso nan da shekara biyu ko uku, ya riga su zuwa, ya share wuri a bakin rafi ya shuka. Daga nan sai ya kewaye wurin da shinge na gungume da rassa don kada dabbobi su shiga, ya damƙa wa wani na kusa amanar kula da sayarwa a raba riba, ya wuce gaba. Bayan shekara ɗaya ko biyu ya dawo ya duba, ya gyara shingen. Kafin baƙi su iso, dashe ya isa cirewa.

Kasuwa kuwa tana jiransa. A 1792 kamfanin da ke raba filaye a yankin Marietta ta Ohayo ya ce zai ba mutum eka 100, amma da sharaɗin cikin shekara uku ya dasa tuffa ko fiyar Turawa 50 da itacen fic (wani ɗan itacen ƙasar sanyi mai ƙwallo ɗaya a ciki) 20, shaidar cewa zama ya zo yi ba wucewa ba. Chapman yakan sayar da dashe ɗaya kan kimanin santi 6. Wanda ba shi da kuɗi ya ba shi bashi, ko ya karɓi tsohuwar riga ko garin masara. Bai taɓa aure ba, ba shi da gidan kansa na zama, inda dare ya yi masa nan yake kwana. Mabiyin wani malamin Kirista ne ɗan ƙasar Suwidin, Emanuel Swedenborg, yakan yayyaga littattafansa kashi-kashi ya bar wa wannan gida wani kashi, in ya dawo ya musanya musu da wani. Ya rasu a watan Maris 1845 a nan kusa da Fort Wayne yana da shekara 70, kuma mutumin nan da ke yawo da tsumma ya bar filaye kimanin eka 1,200, duk da cewa haraji da masu bin bashi sun cinye da yawa daga ciki.

Akwai abubuwa biyu da ba a cika gaya wa yaran ba. Na farko, Chapman ba ya yi wa itace aure, an ce yana ganin cutar da shi ne a yanka shi. Tuffa kuwa in aka shuka ta daga iri ba ta ɗauko uwarta, mafi yawa ƙanana take fitowa masu tsami. Don haka yawancin tuffarsa ba ta ci ba ce, ta matsewa ce a bar ruwan ya tsima, wato giya, a faɗi gaskiya, sai kuma khal irin wanda matanmu ke nema a kemis yanzu. Amma ko a nan ina ganin bambancinsa da mai mangwaron Baba: mai saye ya san ɗan iri yake saya, ya san abin da zai yi da shi, kuma ya san baɗi ko baɗin baɗaɗa mutumin zai sake biyowa ta ƙofarsa. Na biyu shi ne dajin ba kango ba ne. Inda Fort Wayne take a yau babban garin ƙabilar Miyami ne, ɗaya daga ƙabilun 'yan asalin ƙasar, mai suna Kekionga, a mahaɗar koguna uku, kafin Janar Anthony Wayne ya kafa sansaninsa a 1794. Ana yawan cewa 'yan asalin ƙasar suna girmama Chapman, ba sa taɓa shi, kuma zai yiwu haka ne. Sai dai duk lambun da ya tashi hujja ce ta mallakar fili ga wanda ya zo daga baya. Kimanin shekara ɗaya da rabi da rasuwarsa, a watan Oktoba 1846, aka loda 'yan ƙabilar Miyami da dama cikin jiragen ruwa aka kore su zuwa Kansas. Wannan ya tsaya mini a rai, kuma ban ji daɗin yadda ake wuce shi da sauri ba.

Satumba ta yi, muka je bikin. Tun tsakiyar shekarun 1970 ake yinsa a filin da kabarin yake, a ƙarshen mako na uku na watan, shiga kyauta. Ƙa'ida ce masu rumfa su sa tufafin zamaninsa, su yi girki da wutar ice. Na daɗe tsaye gaban wani maƙeri yana zuga yana dukan ƙarfe, da wasu 'yan mata suna juya matsar tuffa ta katako da hannu, ruwan na zuba a bokiti. Kabarin na kan ɗan tudu, an kewaye shi da shingen ƙarfe, mutane suna ajiye tuffa a kan dutsen, an rubuta cewa ya rayu ne domin wasu. Masana tarihi har yau suna gardamar ko nan ne ainihin inda aka binne shi, amma ba wanda ya bar wurin ya zama juji saboda haka. Jama'a dubbai, ga kwandon shara duk inda ka juya, ga ban-ɗaki a jere.

Kada ku ɗauka komai ya yi mini daɗi. Layi ne kamar ba za a kai kanka ba, abinci da tsada, kuma Musulmi sai ya yi ta tambaya tukunya bayan tukunya, don waken da ka gani ka yi murna naman alade ne a cikinsa. Ruwan tuffar ma sai ka tabbatar ba tsimamme ba ne kafin ka miƙa wa yaro. Ba tayi, ba ragi, ba gyara. Ka sayi tuffa ta dala 20, mai rumfa ba zai ɗora maka ko guda ɗaya a kai ya ce a kai wa yara ba. Murmushi zai yi maka mai kyau, ya kalli na bayanka.

Haka kantunansu suke. Tuffa iri-iri a jere duk shekara, saboda ana adana ta a ɗakunan sanyi da ake rage wa iskar shaƙa ta yi watanni ba ta lalace ba, tana sheƙi kamar an shafa mata man kaɗanya. Akwai wata Honeycrisp da Jami'ar Minnesota ta fitar a 1991, in ka gatsa sai ka ji ƙaras har cikin kunne. Nakan tuna yadda a gida tuffa take kayan dubiyar asibiti, mafi yawa daga Afirka ta Kudu, a saya uku a leda a cikin cunkoson motoci. To amma zo ka ga mangwaronsu. Da ɗanye ake tsinko shi daga Meziko da wasu ƙasashen kudu, a tsoma a ruwan zafi don kashe tsutsar ƙuda, ya iso ja jawur, kyau kamar me, ka yanka ka ji ba ƙamshi ba zaƙi. Duk watan Afrilu da Mayu sai na ji kewar gida ta taso mini har wuya, in tuna Paparanda da ya nuna a uwarsa, ruwan na bin hannu har gwiwa. Kuma ba damar wani ya riƙo maka, jami'an filin jirgi ba sa barin ɗanyen 'ya'yan itace ya shigo.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wani gida a layinmu mai tsohuwar bishiyar tuffa. Duk kaka sai ta zubar da 'ya'ya su ruɓe a ciyawa. Mai gidan ba ya ci, ba ya aika wa kowa, kai kuma ba ka isa ka miƙa hannu ta kan shinge ba. Ƙarshe kamfani ya kira ya biya maƙudan kuɗi aka sare ta, wai tana ɓata masa fili. A unguwarmu da tuni kwano ya zaga gida-gida, yara sun ƙoshi, an kai wa liman nasa. Wannan kam mun fi su, kuma ina roƙon Allah kada mu rabu da shi.

Amma 'yan'uwa, a kan itace mu ji tsoron Allah. Mu ne muke da hadisin da ya ce duk Musulmin da ya dasa itace, mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci, sadaka ce gare shi. Mu ne kuma hamada ke bi. Duk damina sai a yi gangamin dashen itatuwa, manya su zo da babbar riga, a riƙe musu butar ban-ruwa a ɗauki hoto, a watse. Ba shinge, ba wanda aka ɗora wa alhakin kula, ba mai dawowa. Kafin sati biyu awaki sun gama da su, baɗi a sake sabon gangami a wuri ɗaya. Wanda ya tsira ya girma, mai gawayi na jiransa. Mangwaron da Allah Ya ba mu a yalwace kuma, je ka 'Yanlemo a Kano lokacin kakarsa ka ga tsibin da ke ruɓewa saboda babu wurin adanawa, babu isassun masu sarrafawa. Chapman ba shi da mota, ba shi da takalmi ma, amma bai taɓa shuka ya tafi bai kewaye ba, kuma yana dawowa. Turawan sun ƙawata labarinsa da tukunya da sauro, amma wannan ɗabi'ar ta komawa a duba abin da aka sayar, ita na tarar a teburin kantin nan.

Ba cewa nake ba mu iya ba. Manoman yankin Maraɗi tun shekarun 1980 suka koma barin tohon kututture a gonakinsu suna yi masa aski yana tashi, abin da suke kira sassaben zamani, har gonaki da dama suka sake yin itatuwa ba tare da an dasa ba. Darbejiyar da ta yi wa garuruwanmu inuwa ma wasu ne suka dasa suka kewaye suka yi ta ban-ruwa, yau ko sunansu ba mu sani ba. A nan Indiyana, Jami'ar Purdue tana da ofishin malaman gona a kowace ƙaramar hukuma 92 ta jihar, mai bishiya biyu a bayan gida ma zai iya kai ganye mai cuta a duba masa. Mu ma a zamanin Baba malamin gona kan zo ƙauye a kan babur. Yaushe rabon da ku gan shi?

Makon da ya wuce na kira ƙanena da ke kula da lambun gidanmu. Na ce masa bana zan aiko da kuɗi a sake dashen mangwaro, amma na danga zan fara turowa, sai na ga hotonta a tsaye sannan na dashe ya biyo. Na ce kuma ya nemi mai reno wanda yake da wuri tsayayye, ya nuna masa wurin auren a kowane dashe, ya rubuta masa sunan irin da lambar wayarsa a takarda, su yi alkawari gaban shaidu cewa wanda ya mutu kafin damina ta zagayo zai musanya, ko da za a ƙara masa wani abu a kan kuɗin.

Ya ce, "Yaya, danga kam ba matsala. Amma maganar musanya, wa zai yarda? Ai gobe sai mutane su bar na su ya bushe da gangan, ko su tsinto busasshen kara a hanya su kawo masa su ce nasa ne."

Na ce na sani, a nan ma akwai masu yin hakan, kantin ya san da su, ya sa asararsu cikin lissafi bai fasa ba, don masu dawowa su sake saye sun fi su yawa. Na ce ya dai je ya gwada. Ya zaga wajen masu reno, duk suka ce ba a taɓa yi ba, sai wani dattijo ɗaya da ya ce zai yarda, da sharaɗin shi ma sai ya zo da kansa ya ga dangar kafin ya saki dashensa.